Kwamfutar Malam Jafaru Ta Sake Gida

A sakatariyar ƙaramar hukumarmu akwai wani ofishi can ƙarshen baranda, dab da famfon alwala, wanda mutum kan shiga yana ɗan gari ya fito yana shakkar inda aka yanke masa cibi. Nan ake ba da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda babu makaranta ko aikin gwamnati da za su dube ka sai da ita. Mai ofishin shi ne Malam Jafaru, shekararsa goma sha tara a kan kujera ɗaya. Mutum ne mai tsafta, mai salla a kan lokaci, kuma ba a taɓa jin ya karɓi na goro ba. Da ma yana karɓa da jama'a sun huta, don mai karɓa an san ta inda za a ɓullo masa. Shi Malam Jafaru takarda ce kawai ke da daraja a idonsa. Ko mahaifiyarsa ce ta zo, sai ya gaishe ta har ƙasa, sannan ya ce ta kawo shaidar cewa ita ce.

To, wannan mutumin ne Allah ya haɗa Nafi'u mai gyaran kwamfuta da shi.

Nafi'u ɗan Unguwar Marina ne gaba da baya. Kakansa da rini ya tsufa, har yau akwai tsofaffin da ke tuna shuɗin hannunsa. A gidansu na unguwar aka haifi ubansa, a gidan aka haife shi, a gidan kuma aka yi sunan 'yarsa ta fari Ummulkhairi, wadda kowa ke kira Ummul. Shekara huɗu da suka wuce kwazazzabon da ke bayan unguwar ya yi ta cin ƙasa damina bayan damina, har ya iso katangarsu ya haɗiye ɗaki biyu da rijiya. Dole suka kwashe kaya suka koma Bayan Tasha, tafiyar da ba ta kai minti goma a babur ba. Bana Ummul ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Takarda ɗaya ta rage a cikin waɗanda aka nema, ita ce ta ofishin Malam Jafaru, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Yarinyar har ta ɗinka fararen kaya ta rataye a bayan ƙofa.

Malam Jafaru yana da wata al'ada da ta fi korar mutum ciwo. Ranar da ka fara zuwa zai buga takardarka tsaf a kwamfuta, da sunanka da tambarin hukuma, ya fitar da ita daga firinta, ya nuna maka, sannan ya sa ta a cikin koren fayil ya tura gefen tebur. Sa hannu da hatimi kawai suka rage. Kullum ka zo kana hangen abinka, kamar nama a gaban mai azumi.

"Kai malam, takardar mai unguwa fa?" Haka ya tarbi Nafi'u a zuwan farko.

Nafi'u ya tafi wurin mai unguwar Marina. Mai unguwar ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ai shi ba zai rubuta wa wanda ya tashi daga unguwarsa ba, sai ya je inda yake kwana. Mai unguwar Bayan Tasha kuwa ya ce shi shekara huɗu kacal ya san shi, me zai ce game da asalinsa? Amma don zumunci ya rubuta cewa Nafi'u mazaunin unguwarsa ne, mutumin kirki.

Malam Jafaru ya karanta ya mayar masa. "Wannan ta ce kana zaune. Ba ta ce daga ina ka fito ba."

"Ranka ya daɗe, ai ka san ni. Mahaifina ne ya rina maka rigar angwancinka."

"Ni na san ka. Ofis bai san ka ba."

"Gida kawai muka sake, ranka ya daɗe. Kwari ne ya ci namu, kowa ya sani."

"Kowa ba ya sa hannu. Kawo takarda."

"Wallahi ko rantsuwa ce zan yi maka."

"Ba a sa rantsuwa a fayil. Ka matsa, akwai mutane a bayanka. Layi ake bi a ofishin nan."

Mako uku Nafi'u yana wannan safa da marwa, yana rufe shago yana zuwa yana zama a benci. Abin ya ci masa rai matuƙa. Ya fi jin nauyin komawa gida da yamma, lokacin da Ummul za ta karɓi jakarsa ta kalli fuskarsa, ta gane, ta ce sannu da zuwa Baba ba tare da ta tambaya ba.

Ranar Laraba da safe, saura kwana biyu a rufe, Nafi'u yana shago yana busa ƙura daga cikin wata firinta sai ga Baba Ɗangoje, tsohon masinjan ofishin, a kan kekensa yana haki. Ya ce Malam Jafaru na nemansa yanzu-yanzu. Murna ta kama Nafi'u, ya zaci Allah ya taɓa zuciyar mutumin. Sai tsohon ya ƙara da cewa ya taho da kayan aiki.

"Injiniya, sannu da zuwa, shigo, shigo," in ji Malam Jafaru, har da miƙewa tsaye.

Mako uku ana ce masa kai malam, yau ya wayi gari injiniya. Nafi'u ya haɗiye wannan ya gaishe shi. Bencin cike yake, don lokacin ɗaukar ma'aikata ne, matasa da iyayensu kowa da fayil a cinya. Kwamfutar tana kan tebur, tsohuwa ce mai babban akwati, tana wani ƙas-ƙas-ƙas a ciki kamar ɓera a kwali. Duk abin da ofishin ya mallaka yana cikinta: samfurin takardar, tambarin hukuma, da jerin sunayen duk wanda aka taɓa bai wa shaida tun zuwanta. Kuma shugaban ƙaramar hukuma ya aiko cewa kafin Litinin yana son a sallami kowa.

Nafi'u ya kasa kunne ya ce, "Rumbunta ne yake mutuwa, ranka ya daɗe."

"Rumbu kuma?"

"Wani ƙarfe ne a ciki kamar ƙaramin littafi, nan take ajiye komai, har da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. In ya mutu, ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Amma da sauran numfashinsa. Zan kawo sabo in kwashe komai in mayar can, yadda yake, ko ɗigo ba zai ɓata ba."

"Wato tashi za ta yi daga wannan gida ta koma wancan."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya koma shago ya ɗauko sabon rumbu da wayoyinsa. Ya kwance akwatin, ya haɗa tsohon da sabon, aka fara kwasa. Aikin ya ɗauki awa biyu da rabi, don tsohon rumbun sai ya yi tafiya ya tsaya ya huta. Nafi'u kuwa tsohon hannu ne. Ya san irin wannan babbar manhaja tana da lambar lasisi, haruffa da lambobi ashirin da biyar, wadda ke nuna cewa ta halal ce kuma a wannan na'ura aka yi mata rajista. Ya kuma san in ta ga an sauya mata kayan ciki da yawa takan yi gardama ta ce sai an sake nuna mata lambar. Don haka tun kafin ya taɓa komai ya leƙa cikin tsohon rumbun, ya kwafo lambar a bayan wata 'yar takarda, ya ninke ya jefa a aljihun gaba. Niyyarsa in ta tambaya ya ba ta, a wuce wurin.

Ana cikin jira ya ga ai yanzu fuska a sake take, bari ya gwada. Koren fayil ɗin Ummul yana nan a gefen tebur, har ya fara ɗaukar ƙura.

"Ranka ya daɗe, maganar takardar yarinyar nan. Jibi za a rufe."

Malam Jafaru ya gyara tabarau. "Injiniya, kada mu haɗa aiki da son rai. Gyara daban, ƙa'ida daban. In ka kawo abin da aka ce ka kawo, minti ɗaya ba za ka yi ba."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Ya ci gaba da ɗaure sukurori. A nan ne 'yar takardar da ke aljihunsa ta samu wurin zama, ya fasa niyyar fito da ita da wuri.

Bayan azahar aka gama. Ya rufe akwatin ya kunna. Babu ƙas-ƙas, ta tashi shiru kamar sabuwa, Malam Jafaru har ya fara hamdala yana murza hannu. Sai ga wani shuɗin allo ya tare fuskar kwamfutar, da rubutun Turanci da ramuka biyar a jere.

"Me take cewa?"

"Cewa ta yi ba ta gane inda take ba. An sauya mata kayan ciki, don haka ba za ta buɗe ba sai an tantance ta. Tana son lambar lasisinta."

"Tantancewa? Wa za ta tantance?"

"Kanta, ranka ya daɗe. Tana son shaidar cewa ita ce."

Malam Jafaru ya yi dariya irin ta wanda bai gane da gaske ake ba. "To ita ce mana. Wace ce in ba ita ba? Danna mata ka ce ita ce."

"Babu wurin danna hakan. Ramuka biyar ne kawai na lamba."

"Amma ka ce ko ɗigo ba zai ɓata ba."

"Bai ɓata ba, komai yana ciki. Rumbu kaɗai bai cika tayar mata da hankali ba. Amma na ga babban allon cikinta ma, wanda duk kayanta ke haɗuwa a kansa, ba na asali ba ne."

Baba Ɗangoje ya ce daga bakin ƙofa, "Bara ne, da tsawa ta faɗo. Wani daga birni ya sauya."

"To ka ji. Ta haɗa wancan da wannan, ta ce abin ya yi yawa."

Malam Jafaru ya zauna a hankali. "Ina ake samun lambar?"

"Tana jikin wata 'yar sitika da ake mannawa a gefen akwatin."

Aka juya akwatin. Ga sitikar nan kuwa, ana ganin kusurwarta ɗaya tana ƙyalli. Sauran duk yana ƙarƙashin farin fenti mai kauri, an rubuta lambar kayan hukuma a kai da manyan baƙaƙe. Kowa ya san yadda ake yi a sakatariya: duk abin da aka sayo, daga fanka har bokiti, sai ma'ajin sito ya zo da gwangwanin fenti ya yi masa lamba don kada ya yi ƙafa.

"Wane mara hankali ne ya shafa fenti a nan?" in ji Malam Jafaru.

Baba Ɗangoje ya yi gyaran murya. "Ai a sama ma'aji ya so ya rubuta, ranka ya daɗe. Kai ka ce ya rufe wannan ƙyale-ƙyalen, ofis ba motar haya ba ce."

Wani a benci ya yi tari mai kama da dariya. Malam Jafaru ya sa farce ya fara kankarar fentin. Fentin ya taso, sitikar ta biyo shi, haruffa uku suka tafi a ƙarƙashin farcensa. Ya tsaya yana kallon yatsan.

"Kwalin da ta zo a ciki fa? Ko takardun sayenta?" in ji Nafi'u, da muryar mai son taimako.

Kwalin, in ji Baba Ɗangoje, shekara goma ke nan da mai gadi ya shimfiɗa shi ya yi barci a kai har ya ƙare. Takardun kuwa suna sito. Aka aika shi sito. Ya dawo ya ce ma'aji ya ce takardun wancan zamanin suna hannun tsohon ma'ajin da ya gada, shi kuma ya yi ritaya ya koma ƙauye. An kira shi a waya ya ce ranar da ya miƙa mabuɗi ya miƙa komai, a tambayi na yanzu.

"Wannan ya ce wancan, wancan ya ce wannan," in ji Malam Jafaru yana share goshi. "Wane irin aiki ne wannan?"

Nafi'u ya duƙa yana nannaɗe waya don kada a ga fuskarsa.

A ƙasan allon akwai lambar wayar kamfanin da ya yi manhajar. Malam Jafaru ya ce a kira, shi zai yi musu bayani da kansa, ai mutane ne. Ya miƙe tsaye ya gyara hula kafin a ɗauka. Muryar wata mata ta fito, mai daɗi, marar gaggawa. Ya yi mata sallama, ya faɗi sunansa da muƙaminsa da matakin albashinsa, ya fara ba ta tarihin kwamfutar tun daga ranar da aka kawo ta. Matar ba ta saurara ba, ta ci gaba da maganarta.

"Na'ura ce, ranka ya daɗe," in ji Nafi'u. "Cewa take ka danna lambar lasisi."

"Lambar ce ba mu da ita, baiwar Allah," Malam Jafaru ya faɗa wa wayar da ƙarfi. Matar ta yi masa godiya da kiran da ya yi, ta kashe.

La'asar ta kawo kai. Mutanen benci ba wanda ya tafi, wasu ma daga baranda sun matso bakin taga. Malam Jafaru ya jawo kujera kusa da Nafi'u ya rage murya, amma ofishin ƙarami ne.

"Injiniya, na ji an ce ku masu wannan sana'a kuna da wata hanya. Wata lamba haka da kuke sa wa kowace."

"Ta bogi ke nan, ranka ya daɗe."

"To, wa zai sani?"

Nafi'u ya ɗaga kai ya dubi bangon da ke bayan teburin. Akwai sanarwa a manne, da jan biro, rubutun Malam Jafaru da kansa, cewa duk wanda aka kama da takardar bogi za a miƙa shi ga 'yan sanda. Malam Jafaru ya bi idonsa, ya ga abin da yake kallo, ya saki maganar.

Sai ya juya kan kwamfutar kanta. Ya dafa akwatin kamar mai lallashin jaki.

"Baba Ɗangoje, zo nan. Kai ne ka ɗauko ta daga mota, ko ba kai ba ne?"

"Ni ne, a kaina na ɗauko ta."

"To ga shaida. Injiniya, rubuta mata cewa ga shaida."

"Babu ramin shaida, ranka ya daɗe."

"Wallahi tallahi ita ce. Ko Alƙur'ani ne a kawo in dafa."

"Na yarda, ranka ya daɗe. Ni na san ita ce. Kamfani ne bai san ta ba."

Wata dattijuwa a benci ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Malam Jafaru bai lura ba, ya riga ya yi nisa. Hula ta koma ƙeya, gumi ya jiƙa wuyan riga, Litinin da shugaban ƙaramar hukuma suna yi masa yawo a ka. Ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa kamar mai neman a raba shi da azzalumi.

"Jama'a, ku taya ni ji. A gabana aka buɗe kwalin kwamfutar nan. Shekara goma sha ɗaya tana kan teburin nan, ko baranda ba ta taɓa fita ba. Duk garin nan wa bai san ta ba? Wurinta na da ne ya lalace, ba da son ranta ba, aka kwashe ta aka mayar da ita wani. Shi ke nan sai a ce ba a san ta ba, sai ta kawo takardar da babu mai ba ta? Wannan ai rashin imani ne. Injiniya, kai ka gaya mini tsakaninka da Allah, sake gida yana mayar da ɗan gari baƙo ne?"

Mutanen benci suka juyo suna kallon Nafi'u. Baba Ɗangoje ya ɗaga kai yana nazarin silin.

"Ba ya mayarwa, ranka ya daɗe," in ji Nafi'u. Ya sa yatsu biyu a aljihun gaba ya zaro 'yar takardar, ya warware ta. "Ga ma shaidarta nan. Daga tsohon gidan na kwafo tun da safe."

Malam Jafaru ya zabura, fuskarsa ta washe, ya miƙo hannu. "Allah ya yi maka albarka. To sa mata mana, Injiniya, me kake jira?"

Nafi'u ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya jawo koren fayil ɗin daga gefen tebur, ya hure ƙurar, ya buɗe shi a gaban Malam Jafaru, ya ɗora biro da hatimi a kai.

"Layi ake bi a ofishin nan, ranka ya daɗe. Ummul ta riga ta zuwa da mako uku."